Haruffa Shida

An ɗauke wuta tun magariba.
Nusaiba ta jawo tabarma kusa da fitilar caji,
ta ce, Kaka, Malama Rifkatu ta ba mu aiki,
ta watsa haruffa kamar buhun wake ya fashe a kasuwa,
wai mu tsince su su koma kalma, mu rubuta ma'ana.

Na farko bai ba mu wuya ba:
V da R da E da I da wani R.
Ta juya su sau biyu ta ce river.
Na ce kogi ke nan, ga shi can ƙarƙashin gada yana tafiyarsa.
Na biyu akuya ce aka ɗaure kai a ƙasa,
muka kwance ta, ta miƙe goat, muka yi dariya.

Na uku ne ya tsaya mana kamar ƙayar kifi.
D, A, E, R, H, T.
Na ce ɗauko kwalin ashana.
Muka yanka gida shida, kowane harafi da nasa,
muna tura su bisa faifai da yatsa
kamar tsofaffi a bakin dara.

Ita ta fara gani.
Ta jera, ta buɗe ƙamus mai yagaggen bango,
ta ce hatred, Kaka, wai ƙiyayya.
Na yi shiru.
Na san kalmar nan tun ban san Turancinta ba.
Na ga ranar da ta sa mutane ɗaure kaya,
wasu suka haye gada kudu, wasu suka hayo arewa,
Ishaya ya damƙa min makullin ɗakinsa
ya ce kwana biyu ne.
Makullin na nan, ya yi tsatsa cikin gwangwanin madara.

Na sa yatsa na hargitsa su.
Sake, na ce.

Ta sake, tana cizon gindin fensir,
sauro na yi mata kuka a kunne.
Dearth, in ji ta, harshe na tuntuɓe,
wai ƙaranci, wai rashin abu.
Na ce shi ma ba baƙo ba ne,
ya taɓa kama haya a gidan nan
shekarar da aka garƙame ƙofar masaƙa a Kakuri,
jiniyar asuba ta daina kiranmu,
kakarki ta koma auna tuwo da ido.

Sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta.
T a gaba, H na biye,
sauran suka bi layi kamar ma'aikata ranar albashi.
Shekara goma sha tara ina ganinsa a jikin kwalaye.
Thread.
Ta kai hannu ga ƙamus, na ce bar shi,
wannan ni ne ƙamusinsa.
Zare.
In ya tsinke a kan inji
Ishaya ya kamo wancan bakin, ni wannan,
ƙulli ɗaya,
kafin babban ma'aikaci ya waiwayo an ci gaba da saƙa.

Ta ce, to wanne zan sa?
Layi ɗaya Malama ta bari.
Na ce aikinki ne, ba nawa ba.
Ta daɗe tana kallon faifai,
sannan ta matse rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa
ta cusa duka ukun,
zare a ƙarshe, wutsiyarsa ta leƙa bakin takarda.

Da barci ya ɗauke ta
na tattara guntayen kwalin nan shida
na zuba cikin gwangwani, kan makulli.
Gobe Asabar.
Ban ma san nawa ne kuɗin motar Sabon Tasha yanzu ba.